Da Dukan Zuciya: Shaidar Wata 'Yar Kasuwa Daga Kumasi

Ina gaishe da 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni 'yar kasuwa ce a Kumasi, hatsi nake sayarwa, masara da gero da wake. Sana'ar gado ce, a gindin buhunan Innata na koye ta. Shekaruna sun haura hamsin, kuma karatuna bai wuce midil ba. Abin da zan faɗa a kan bauta wa Allah da zuciya ɗaya, a gida da kasuwa da bakin gadon majinyaci na tsince shi.

Iyayena mutanen arewacin Gana ne, daga wajen Bawku. Baba ya gangaro kudu yana saurayi, ya yi ƙodago a gonakin koko, daga baya ya samu aikin gadi a unguwar Adum a nan Kumasi. Shi da Inna kowa da harshen ƙauyensu, Hausa ce ta haɗa su, ita muka buɗi baki da ita a gidan haya a Asawase. Da ita ake ciniki, da ita ake yi mana faɗa, da ita muke addu'a. Har yau in baƙo ya ji Hausa a bakina sai ya ɗauka Musulma ce, in na ce masa gobe Lahadi ina coci sai ya yi sororo. Ba na ganin laifinsa. Gidan da na girma ɗaki goma sha biyu ne, namu kaɗai ne na masu bi.

Baba yana da Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohuwar fassarar nan da ta fara fitowa a 1932. Wani mai bishara ɗan Najeriya ne ya bar masa a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Bangon ya daɗe da cirewa, Inna ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa. Ita ba ta iya karatu ba, amma ita ce agogon gidan. Masallaci yana bayan katangarmu, da ladan ya yi kiran farko za ta taɓa ƙafata.

"Tashi. Maƙwabta sun tashi gaishe da Allah, mu da muka ce ya ba da Ɗansa dominmu ne za mu yi ta munshari?"

Sai mu durƙusa a kan tabarma, mu yi waƙa ƙasa-ƙasa don kada mu dami masu salla. In gari ya waye Baba ya dawo daga gadi, idonsa ja saboda rashin barci, ba zai kwanta ba sai ya karanta mana sura guda. Wurin gadinsa yana kusa da cocin da ke ɗauke da sunan Ramseyer, kuma yana son labarin mutumin nan. Ɗan mishan ne na ƙungiyar Basel ta ƙasar Switzerland, mayaƙan Asante suka kamo shi da matarsa a 1869, jaririnsu ya mutu a hanya, aka riƙe su a Kumasi har 1874. Amma a 1896 ya komo garin da ƙafarsa ya kafa aikin bishara. Baba yakan girgiza kai ya ce, "Wanda ya ba Allah rabin ransa ba ya komawa inda aka tsare shi."

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi yunwar 1983. Wanda ya ga shekarar nan ba ya mantawa. Damina ta ƙi, gobarar daji ta cinye gonaki har da na koko, ga kuma 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya a farkon shekarar, kowa da bakin ci. Mutane sukan yi layi a ƙofar mai dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, su saye shi ɗanye tun ba a ɗora tukunya ba, don kada ya ƙare kafin a zo kansu. Ƙashin wuyan manya ya fito fili.

A lokacin duk mai rabin buhun masara sarki ne. Muna awo da gwangwanin da ake kira olonka, kuma akwai dabarar da kowa ya sani: a kifa gwangwanin, a sami dutse a bubbuga gindinsa ya shige ciki. Daga sama za ka gan shi a cike har da tozo, alhali cikin tafi guda ya tafi. Wata da ke zama kusa da mu ta ɗauki gwangwanin Inna ta juya shi, ta ga gindinsa sumul, ta yi dariya ta ce, "Yaya, da wannan za ki ciyar da 'ya'ya biyar a bana?" Inna ta karɓe abinta ta ce, "Mudun da nake auna wa mutane, da shi nake auna wa Allah." Na tsaya ina kallon yatsunta, duk sun bushe sun yi fari da ƙurar masara, tana tara tozon a hankali har ƙwayoyi suna gangarowa cikin kwanon mai saye. A daren nan kunu tsararo muka sha muka kwanta.

Da ta ba Baba labari, sai ya buɗe Amos sura 8, inda annabi yake faɗa da masu ɗokin Asabar ta wuce su koma kasuwa su rage mudu su ƙara kuɗi. Mutanen nan suna kiyaye ranar hutu, ba sa fashin sujada, amma tun suna zaune a wurin ibada hankalinsu yana kan ma'auni. Inna ta saurara har ya gama, ta ce akwai masu kawo wa Allah zuciya mai bugaggen gindi, daga sama a cike, ciki kuwa an ƙwaƙule. Maganar nan ta zauna mini a rai, ko da yake sai da na girma na san nauyinta.

Wani abu kuma da ba ta bari ba ko a shekarar nan: duk sanda za ta tuƙa tuwo, sai ta ɗebi gari cikin tafi ɗaya ta zuba a wata 'yar tukunya a lungu. Ranar Lahadi ta ƙulle shi a leda ta kai coci, a ba waɗanda suka fi mu shiga uku. Yayana ya taɓa yin kuka a kan garin nan. Ta rungume shi, ta share masa hawaye, amma ba ta mayar da garin ba.

Na yi aure a 1995. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗauko albasa daga Nijar zuwa Kumasi. Allah ya ba mu 'ya'ya uku, na samu rumfata a babbar kasuwa, muka yi shekaru cikin rufin asiri. Ina cikin mawaƙan ikkilisiyarmu, taron 'yan arewa ne, muna waƙa da Hausa da Kusal da Frafra da Twi, ga ganga ga kalangu, mata suna kaɗa fararen hankici. Mukan hau dutsen Atwea mu kwana muna addu'a, sanyi yana ratsa ƙashi. Ba na cikin masu raina rawa a coci. Sarki Dauda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, kuma wadda ta raina shi ce ta ji kunya. Sai dai Daudan nan, da Arauna ya ce ya ɗauki masussuka da shanu kyauta ya yi hadaya, ƙi ya yi. Ya ce ba zai miƙa wa Ubangiji abin da bai biya komai a kansa ba, ya auna azurfa hamsin ya bayar. A shekarun daɗin nan na san Dauda mai rawa. Dauda mai biya yana gaba.

A 2008 hawan jini ya kayar da maigidana a tashar mota. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ba mu gama farfaɗowa ba, a 2009 gobara ta tashi a babbar kasuwa ta haɗa da rumfata. Da na isa, abin da na tarar tudun baƙin toka ne mai hayaƙi, warin ƙonanniyar masara ya cika ko'ina. Na gane wurina ne kawai da ƙarfen sikeli da ya lanƙwashe.

Kayan da suka ƙone ba nawa ba ne duka. Akwai wani dattijo, Alhaji, da ke aiko mini masara daga Ejura bashi, in na sayar in biya. Buhu arba'in nake riƙe da su. Littafina ya ƙone. Da yaronsa ya zo jaje ya buɗe nasa littafin, sai na ga ashirin da biyar ya rubuta. Sauran goma sha biyar ɗin sun sauka gab da gobarar, direba ya ajiye ya wuce, ba wanda ya sa alƙalami.

Na gaya wa yayan maigidana da dare. Mutum ne mai tsoron Allah, dattijon ikkilisiya, kuma shi ke biyan kuɗin makarantar babban ɗana a lokacin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanwata, ke ba ki ga hannun Allah a nan ba? Ga miji a kwance, ga yara. Shi ya rufe idon yaron nan don ya rufa miki asiri. Ki yi godiya ki ja bakinki." Da ƙauna ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini nauyi. Ban runtsa ba. Na lissafa kuɗin buhu goma sha biyar, na lissafa kuɗin magani da na gashin ƙashi, lissafin duk a gefensa yake. Na durƙusa in yi addu'a, bakina ya kasa furta komai sai ayar da Yesu ya kira babbar doka, a Markus 12: ka ƙaunaci Ubangiji Allahnka da dukan zuciyarka, da dukan ranka, da dukan hankalinka, da dukan ƙarfinka. Na nemi wata kusurwa a cikin ayar da zan ɓoye buhunan nan, ban samu ba. Da safe na ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri. In na yi shiru, da wane baki zan yi waƙa ranar Lahadi?"

Na hau mota zuwa Ejura. Na tarar da Alhaji a kan buzu a ƙofar sitonsa, yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini jaje, na ce, "Baba Alhaji, littafin yaronka bai cika ba. Arba'in ne." Ya dakata da carbin. Ya sa aka kira direban, direba ya sosa ƙeya ya ce haka ne. Tsohon ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan waɗanda suka haife ki." Bai yafe bashin ba, kuma ban je don ya yafe ba, shi ma dukiyar mutane ce a hannunsa. Ya ce in biya a hankali, ya ƙara mini buhu biyar in tayar da jari. Sai da na yi shekaru ina zubi kafin in sauke nauyin nan. Akwai watannin da yara suka ci tuwo ba nama, akwai zangon karatun da 'yata ta zauna a gida. Ina faɗa ne don kada wani ya ɗauka washegari kuɗi suka zubo daga sama. Amma a motar dawowa, tun daga Mampong har Tafo, waƙa nake yi a raina, kuma tun da nake ban taɓa jin waƙa ta fito daga irin zurfin nan ba.

A coci-cocinmu na nan akwai baikon da ake kira Kofi ne Ama. Ana kiran mutane bisa ranar haihuwarsu, 'yan Litinin su taso da rawa su zuba, 'yan Talata su biyo, a ƙarshe a ƙirga a faɗi ranar da ta yi nasara. Ni 'yar Alhamis ce, kuma a da ina cikin masu ɗaga ranarmu. Bayan gobara sai ga ni a zaune hannu wofi ana kiran 'yan Alhamis. Ba na ƙin baikon nan, rufin coci da albashin fasto ba daga iska suke zuwa ba. Abin da nake roƙon shugabanninmu su riƙa tunawa shi ne, ranar da Yesu ya zauna daura da akwatin baiko a Haikali, gwauruwa mai anini biyu ya nuna wa almajiransa. Bai duba yawan abin da ya shiga akwati ba, abin da ya rage a hannunta ya duba. A kowane layin rawa akwai wadda ke bin baya da kunya, kuma wataƙila ita ce ta fi kowa bayarwa a makon nan, a wurin da ba a ƙirgawa.

Dangi sun matsa mu kai maigidana wurin wani mai kiran kansa annabi a bayan gari. Ya aiko cewa in shuka iri mai nauyi, in ban da kuɗi in sayar da zannuwana, cikin mako guda mutum zai miƙe. Na ce a gaya masa na gode. Ni 'yar kasuwa ce, in na ga ciniki ina gane shi ko an lulluɓe shi da farin mayafi. Na gaskata Allah yana warkarwa, na roƙe shi da hawaye, har gobe ina yi wa marasa lafiya addu'a. Amma wanda ke bauta wa Allah don ya karɓi canji, ranar da canjin bai zo ba zai naɗe tabarmarsa. Samarin nan uku na littafin Daniyel sun ce wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu daga wuta, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Wannan "ko bai yi ba" ɗin shi na riƙe.

Jinya ta raba ni da mawaƙa. Safiyar Lahadi, lokacin da 'yan'uwana ke ɗaura ɗankwali iri ɗaya, ni ina dafa ruwan wanka. In tallafo shi in zaunar a kujerar roba, in cuɗa masa baya, in buɗe yatsun hannun daman nan da suka dunƙule ɗaya bayan ɗaya in wanke tsakaninsu, in shafa man kaɗanya a gwiwar hannu da diddige don kada gyambo ya kama shi. Mutumin da ke ratsa ƙasa uku da mota, yanzu ni ke goge masa baki. Wani lokaci ya yi fushi ya ture kwanon koko, wani lokaci ya yi kuka ba sauti. Matar fastonmu ta zo dubiya ta same ni ina wankin zanen gado, na ce mata, "Mama, na yi kewar sujada." Ta ɗaura zane ta sa hannu a bahon, ta ce, "To wannan da kike yi mene ne?" Ta tuna mini Romawa 12, inda Bulus ya ce mu miƙa jikunanmu hadaya mai rai, ita ce ibadarmu ta ainihi. Ta ce jiki ya ce, bai ce murya kaɗai ba, kuma hannu da baya da gwiwa duk jiki ne.

A cikin wankan nan ne Allah ya ba ni kyautar da ban roƙa ba. Wata safiya ina cuɗa shi ina rera wata tsohuwar waƙar yabo da Baba ke so, sai na ji murya a ƙarƙashin tawa. Na tsaya da soso a hannu. Shi ne. Mutumin da ya kasa kiran sunana, ya kasa cewa ruwa, ga shi yana jan baitin nan kalma bayan kalma, bakinsa a karkace, yawu yana zuba, amma ba kuskure. Da waƙar ta ƙare na yi masa magana, bai iya amsawa ba. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta ce mini ana ganin haka ga masu irin ciwonsa, hanyar waƙa a ƙwaƙwalwa ba ɗaya take da ta magana ba. Na yarda da bayaninta, na kuma gode wa wanda ya shimfiɗa hanyoyin biyu. Daga ranar muka mayar da shi ƙa'ida. Duk abin da ya rage wa bawan Allah nan a duniya 'yan baitoci ne da hannun hagu, kuma yakan ɗaga hannun ya ba da su duka, har jijiyar wuyansa ta tashi. Na tsaya a gaban taro da makirufo shekara da shekaru, amma ban ga mai sujada kamarsa ba.

Shi ya sa da korona ta zo a 2020 ban rikice ba. A tsakiyar Maris Shugaba Akufo-Addo ya hana taruwa a coci da masallaci, daga 30 ga watan aka kulle Akara da Kumasi mako uku. Ista ta faɗo ranar 12 ga Afrilu, kowa a ɗakinsa. 'Yan'uwa suna kirana a waya suna cewa ji suke kamar an ɗauke musu Allah. Na tausaya musu, don taruwar masu bi umarni ce, kuma da aka buɗe a watan Yuni, mutum ɗari kawai, awa ɗaya, da takunkumi a fuska, kuka na yi don murna. Amma a makonnin kullen aiki ya samu. 'Yan matan arewa masu dako a kasuwa, kayaye, abincinsu daga kan tirensu yake, ranar da ba kasuwa ba ci. Ina da ragowar wake da shinkafa, Hajiyar da muke gida ɗaya tana da babbar tukunya da itace. Muka riƙa dafawa muna ƙullawa, yaranmu suna miƙawa a rumfunan da 'yan matan ke kwana. Ita tana yi don Allah bisa addininta, ni ina yi don wanda ya ce ina jin yunwa kuka ba ni abinci. Ba mu taɓa gardama a bakin murhun nan ba.

Ubangiji ya kira maigidana gida a 2021. Bai miƙe ba, bai kira sunana ba.

Abin da ya sa na zauna na sa 'yata ta rubuta wannan shi ne autana. Yana jan keke mai ƙafa uku, pragya, tsakanin Aboabo da Asawase. Yaro ne mai kirki, kowace Asabar sai ya kawo mini cefane. Amma tun da muka dawo daga maƙabarta bai sake taka coci ba. Ran nan yana cin tuwo a ɗakina ya ajiye loma ya ce, "Inna, ki gaya mini gaskiya. Kin yi wa Allah komai. Me ya yi wa Baba?"

Ban yi masa faɗa ba, tambayar mai ciwo ce, kuma yana ɗan shekara takwas ya fara ɗaukar fo ɗin mahaifinsa. Na ce, "Auta, ban san dalilin da ya sa bai tashe shi ba. Abin da na sani, shi ya fara ba da kansa duka a kan gicciye tun ban ba shi komai ba, kuma bai bar ɗakin nan ba ko dare ɗaya. Kai ma kana nan, ka ji Babanka yana waƙa." Ya ce ya ji. Ya ce amma shi waƙa ba ta ishe shi ba, uba yake so. Ya wanke hannu, ya ce sai da safe, ya tayar da kekensa.

Har yanzu a nan maganar take. Ina roƙon duk ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ya karanta wannan ya sa yaron nan a addu'a, shi da sauran 'ya'yanmu na zango da suka girma a bakin gadon jinya. Gidana a buɗe yake gare shi, tuwonsa yana nan kowace Asabar, kuma na gaya masa duk ranar da ya so mu sake maganar, ko tsakar dare ne, ya buga mini ƙofa.